Malama Rahamatu Yero, Wadda Ba Ta Karɓar Na Kasuwa

Haihuwa da Asali

An haifi Malama Rahamatu Yero a farkon daminar shekarar 1957, a wata ruga da ke kusa da garin Gitata, cikin ƙasar Keffi ta wancan zamani. Mahaifinta, Malam Yero Uthman, makiyayi ne mai matsakaicin garke wanda yakan taɓa noman dawa idan damina ta yi albarka, mahaifiyarta kuwa, Halimatu Sa'adiya, an san ta da kawo nono da man shanu Keffi duk ranar kasuwa. Rahamatu ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai da Allah ya ba su, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ta shiga makarantar boko.

Ya wajaba a faɗi tun daga nan cewa rayuwar aikin wannan baiwar Allah gaba ɗaya a kan magana guda ta tsaya, wato abin da yaro ya yi da hannunsa, komai karkacewarsa, ya fi abin da aka sayo masa a kasuwa, komai kyansa. Magana ce da kowa zai amince da ita a fatar baki. Amma a kanta aka fitar da ita daga gari, a kanta ta dawo, kuma da fargabar kada maganar ta bi ta kabari ta yi shekarunta na ƙarshe.

Asalin al'amarin a bakin rafi yake. Al'adar yaran ruga ce idan sun kai maruƙa ruwa su zauna su ɗebo yumɓu su gina shanu, su soka ƙaya a matsayin ƙaho. Wasan yana da doka mai tsanani, domin ba a gina saniyar da babu ita a garke. Duk wadda yaro ya gina sai sauran sun gane ta ba tare da an gaya musu ba, ta tozonta ko lanƙwasar ƙahonta ko yadda take tsayuwa, in ba haka ba a yi masa dariya a jefa ta cikin ruwa. 'Yan'uwanta sun shaida cewa tun kafin ta cika shekara bakwai ba a ƙara jefa tata a ruwa ba. Mahaifinta, wanda ba mai yawan yabo ba ne, ya taɓa ɗaukar wata karsana da ta gina, ya juya ta a hannu, ya ce ai wannan ɗingishi take yi. Da ya je ya duba ta gaske sai ya tarar da ƙaya a kofatonta, alhali shi da ya yini da garken bai lura ba.

Karatun Firamare

A shekarar 1965 Hajiya Naja'atu, matar wani ɗan kasuwa a Angwan Iya cikin garin Keffi, wadda ta daɗe tana sayen nono a hannun mahaifiyarta har suka zama kamar 'yan'uwa, ta nemi a ba ta riƙon yarinyar. Malam Yero ya yi ta jan ƙafa, daga bisani ya amince bisa sharaɗin ba za a raba ta da karatun Alƙur'ani ba. A watan Janairun 1966 aka sa ta a firamare, Hausarta ba ta nuna ba, Turanci kuwa ko kalma ɗaya babu. Ga kuma kunyar da aka tarbiyyantar da ita a kai, wadda ta hana yaro ɗaga ido ko ɗaga murya gaban babba. Malamai suka ɗauki shirun nan a matsayin daƙiƙanci, aka mayar da ita bencin ƙarshe, aka manta da ita.

A ƙarshen zangon farko aka sanar cewa kowane ɗalibi ya kawo aikin hannu, wanda ake ba maki kamar kowane darasi. Ita dai ta fahimci umarnin yadda aka faɗe shi. Ta nemo yumɓu a bayan gari, ta gina garken mahaifinta kaf, ta shanya, ta jero su a faifai ta kawo. Abin da ba ta sani ba shi ne, a gari aikin hannu yana nufin uba ya saya wa ɗansa tsintsiya ko kwando a kasuwa, yaro ya kawo, a ba wa wadda ta fi kauri maki mafi yawa, malamai su raba kayan su kai gida. Malamin ajin ya dubi shanun ya ce wasan banza ne. Ya ba da maki mafi girma ga wata tsintsiya da Rahamatu ta ga an saye ta da idonta ranar kasuwa, sa'an nan ya sa aka share shanun daga ajin da wannan tsintsiyar. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta gaya wa kowa a gida ba sai bayan ta girma.

Sauyi ya zo a 1968, a aji uku, ta hannun Malam Gamaliel, wani malami ɗan ƙabilar Mada mai yawan tambaya. Ya gan ta a lokacin tara tana gina saniya a gindin bango, ya tsuguna ya tambaye ta wace ce uwar wannan. Ta ba shi amsa, ta faɗi kakar saniyar, ta faɗi wadda aka sayar da wadda kura ta kashe, ta yi ta zuba kamar ba ita ba. Washegari ya sa ta kawo shanun gaban aji, ya koyar da tarawa da ɗebewa da su, ita ce mai bayani. Daga wannan shekara ba ta ƙara sauka daga sahun farko ba. Ta sha faɗa daga baya cewa a ranar ta gane yaro ba ya rasa abin faɗa a kan abin da ya yi da kansa.

Kwaleji da Kama Aiki

Ta kammala firamare a 1972, ta samu shiga kwalejin horar da malamai mata a 1973, ta fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1978. A lokacin an buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, azuzuwa sun cika maƙil, ana neman malamai ido rufe. Aka tura ta wata firamare a wata unguwar Keffi da ake kira Yara, aka ba ta aji biyar. Ta tarar da al'adar tsintsiya tana nan daram, har ta samu ci gaba, domin yanzu ana karɓar sabulu da ashana a matsayin aikin hannu, kamar dai yaran suna da masana'anta a gida. Shekarunta na farko ta yi su tana lallashi, tana kawo kaba da karan dawa da yumɓu daga gida, tana roƙon yara su gwada ko da bai yi kyau ba.

Aure da 'Ya'ya

A watan Disambar 1980 aka ɗaura mata aure da Malam Husaini Isma'il, ɗan tsohon gidan malamai a Yara, mai shago a kasuwar Keffi. Cikin ikon Allah, daga cikin abin da yake sayarwa har da tsintsiya da kwando da mafici, kuma ƙarshen zangon karatu shi ne kakarsa. Mutanen unguwa sun daɗe suna tsokanarsa cewa ya auro wadda za ta kashe masa kasuwa, shi kuma yakan ce ai ya sani, da idonsa buɗe ya shiga. Mutum ne mai sanyin hali da barkwanci. Bayan auren, duk yaron da ya zo sayen tsintsiya a makon jarrabawa sai ya tambaye shi ta gida ce ko ta makaranta, in ta makaranta ce ya ce ya je gaba, shi yana son cin tuwon dare lafiya. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1981 da 1992, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa kai abin shagon ubansa makaranta.

Sifirin 1983

A zangon ƙarshe na 1983 ta daina lallashi. Ta sanar tun farkon zango cewa duk abin da aka sayo ba shi da maki a ajinta. Ɗalibin da ke zuwa na ɗaya a ajin shi ne Idris, ɗan Alhaji Lawal, shugaban ƙungiyar iyayen yara, kuma Idris ya zo da kwandon da ya fi na kowa kyau. Ta tambaye shi ta ina ya fara saƙar, ta gindi ko ta baki. Bai sani ba. Ta rubuta masa sifiri, ta ce ta ba shi mako guda ya yi ko mene ne da hannunsa ta canza makin, amma mahaifinsa ya hana, ya ce ɗansa ba masaƙi ba ne. Sakamakon haka Idris ya faɗo daga na ɗaya zuwa na huɗu.

Alhaji Lawal ya zo makarantar da kansa, ya ajiye kwandon a teburin hedimasta, ya sa aka kira ta. Waɗanda suka halarta sun riƙe abin da aka faɗa.

Ya ce, "Malama, kwandon nan ya fi na kowa kyau ko bai fi ba?"

Ta ce, "Ya fi, ranka ya daɗe. Na so ƙwarai in ba wanda ya saƙa shi maki, sai dai ba ya ajina."

Ba ta samu mai goya mata baya ba ko a cikin malamai, domin tun da ta fara wannan tsari kason tsintsiyar kowa ya ragu. A watan Janairun 1984 aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar makarantar ƙauye a bayan Gitata, aka ce buƙatar aiki ce ta kawo haka, kowa kuma ya san buƙatar wane ne. Tana da goyo a lokacin. Ana gobe za ta tafi, Idris ya je shagon Malam Husaini a ɓoye ya ajiye wani mafici na kaba da ya saƙa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya gudu. Da mijinta ya kawo mata, ta duba shi gaba da baya, ta ce a gaya wa yaron ya ci biyar cikin goma. Malam Husaini ya roƙe ta ta ƙara ko ɗaya ne saboda halin da ake ciki, ta ce biyar ɗin ce haƙƙinsa.

Shekarun Ƙauye

Waɗanda suka tura ta ƙauye don horo ba su san gida suka mayar da ita ba. Makarantar azuzuwa uku ce, rabin ɗaliban 'ya'yan makiyaya ne masu irin shirun da ta sani, rafi kuma yana bayan makaranta. A can ta haɗu da Malama Keziya, wadda mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, suka ƙulla abotar da ta kai har ƙarshen rayuwa. Tsakanin 1984 da 1993 su biyun suka shimfiɗa tsarin koyarwar da aka san Malama Rahamatu da shi.

Ba ta fara darasi da allo. In za a karanta koguna, sai yara su gina tudu da kwari da yumɓu a filin makaranta, su zuba ruwa da buta su ga inda zai bi, sa'an nan a koma aji a ba abin da suka gani suna. In lissafin kashi ne, kowa ya yi fanken yumɓu ya yanka da zare ya raba wa abokansa, wanda aka ba ƙarami kuwa ba ya buƙatar malami ya gaya masa an cuce shi. In rubutun insha'i ne, yaro ya rubuta yadda ya yi abin da ya yi da inda ya ɓaci. Abin da ya fi ba masu kallo mamaki shi ne ba ta taɓa sa hannu a aikin yaro. Takan zagaya hannuwanta a goye a baya, ko da tana ganin abu zai rushe, ta bar shi ya rushe, sa'an nan ta tsuguna ta tambayi mai shi me yake ganin ya jawo haka. Malama Keziya ta ce sau da yawa takan ga yatsunta suna motsi a bayanta don son gyarawa, amma ba ta taɓa kwance su ba.

Wasu iyaye sun yi ƙorafi a kan gina siffar dabbobi. Ta kai maganar gaban limamin ƙauyen, ya ce wasan ƙananan yara ba shi da laifi, ita kuma don kauce wa shubuha ta mayar da manyan azuzuwa ga ginin tukwane da rumbuna da taswira. A 1988 ɗaliban wannan makaranta da ba ta da ko ƙofa suka wuce na makarantun cikin gari a jarrabawar shiga sakandare. Aka turo sufeto ya binciki ko an yi maguɗi. Ya zo da niyyar yini ɗaya, ya tarar da 'yar makiyaya tana yi wa aji bayanin dalilin da ya sa rijiyar kwari ta fi ta tudu ruwa, da hujjarta a gine a ƙasa. Ya rubuta a rahotonsa cewa bai ga maguɗi ba, kuma yana roƙon a bar shi ya kawo malaman gari su gani.

Duk tsawon shekarun nan iyalinta suna Keffi, ita tana zuwa ranar Juma'a a motar kasuwa ta koma ranar Lahadi. An yi mata tayin dawowa gari tun 1986 idan za ta bar maganar aikin hannu, ta ce ta gode. Ta sha wahala, kuma ba ta ɓoye cewa rabuwa da 'ya'yanta ya fi komai yi mata ciwo ba.

Komawa Yara da Ɗakin Yumɓu

Daga 1993 zuwa 1996 ta yi karatun babbar takardar shaidar malanta. Bayan ƙirƙiro Jihar Nasarawa, a watan Satumbar 1997 aka naɗa ta shugabar makarantar nan ta Yara da aka fitar da ita daga cikinta. Umarninta na farko shi ne hana karɓar duk wani abin saye da sunan aikin hannu. Na biyu shi ne keɓe ranar Laraba bayan tara ga kowane aji domin aikin hannu. A 1998 ɗalibai suka buga tubali, iyaye suka taimaka da rufi, aka gina ɗaki guda a bayan azuzuwa wanda aka sa wa suna Ɗakin Yumɓu. Malama Keziya ta nemi canji ta biyo ta, ita ce ta riƙe ɗakin har ta yi ritaya.

A nan aka kafa al'adar randar aji shida. Kowace shekara ɗaliban da za su fita sukan gina randa babba guda, kowane yaro ya ɗora nasa zagayen yumɓu a kan na ɗan'uwansa, babu wanda ake tsallakewa, babu kuma malamin da ke gyarawa. 'Yan'uwan Malama sukan kawo busasshen kashin shanu daga ruga a gasa ta da shi a bayan makaranta, a rubuta shekara a wuyanta, a jera ta jikin bango. Randunan ba su da kyau, gaskiya ita ce wasunsu in mai tukwane ya gani sai ya kau da kai. Amma kafin a gama kowace ɗaya yaran sun auna, sun yi gardama, sun ga ta tsage sun sake, sun rubuta labarinta. Daga ɗakin nan aka samu injiniyoyi da ma'aikatan jinya da kafintoci da teloli, kuma abin da ya haɗa su shi ne ba sa tsoron fara abin da ba su iya ba.

A 1999 wani matashin malami ya nemi a turo shi ƙarƙashinta. Idris Lawal ne. Ya zama na hannun damanta, har mahaifinsa, da tsufa ya kama shi, ya zo ya ga ɗakin ya daɗe a tsaye, ya ce a gaya wa Malama ya zo. Ta sauke farali a 2005. A 2013 ta cika shekara talatin da biyar tana aiki ta yi ritaya, kuma da shawararta aka ba Malam Idris shugabancin makarantar.

Ritaya

Shekarun da suka biyo baya sun zo da abin da ba ta yi tsammani ba. Garin ya cika da ma'aikatan da ke zuwa aiki Abuja, makarantun kuɗi suka tsiro a kowane lungu, iyaye suka koma auna makaranta da sakamakon jarrabawa kawai. Masu hali suka fara kwashe 'ya'yansu, suna cewa ba su kawo su don wasa da laka ba. Malam Idris ba mugu ba ne, tsoro ya ji kada makarantar ta watse a hannunsa. A 2015 ya mayar da lokacin Laraba na bitar tambayoyin jarrabawa, ya sa kwaɗo a Ɗakin Yumɓu, ya ce na ɗan lokaci ne. Tun da makin aikin hannu yana nan a takardar sakamako dole a cike shi, kafin shekara ta zagayo tsintsiya ta dawo. Kowa a unguwa ya sani, babu wanda ya iya gaya mata. Malam Husaini ya rasu a 2017 bai faɗa mata ba.

A 2019 ta ji, kuma daga bakin jikarta Raihana, wadda ke aji biyu a makarantar. Yarinyar ta shigo tana neman a aika shago a kawo mata tsintsiya ta kai aikin hannu. Malama ta ɗauka tsokana ce irin ta jika da kaka, ta yi dariya. Raihana ta ce, "Kaka, ai kowa saye yake yi. Wadda ta fi girma ita ta fi maki." Iyalinta sun ce ba su taɓa ganin abu ya buge ta kamar wannan ba, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Da Malam Idris ya ji, ya zo gidan ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi ko rufin ɗakin yana zuba a kan randunan, ya ce bai sani ba. Ya kawo uzurinsa, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta san da gaskiyarsa. Sa'an nan ta ce, "Idrisu, ni na kusa. Ba mutuwar nake tsoro ba, tsorona kada a binne abin nan tare da ni." Ya yi alkawarin buɗe ɗakin da zarar an gama jarrabawar wannan shekara. Jarrabawa ta wuce, annoba ta zo aka rufe makarantu, aka buɗe aka shiga cike giɓin karatu, kwaɗon yana nan inda yake.

Ita kuwa ta sa aka kawo mata yumɓu gida, yaran unguwa suna taruwa a tsakar gidanta da yamma. Ciwon suga ya taɓa idonta har ganinta ya yi rauni ƙwarai, amma in aka ɗora mata abu a tafin hannu takan shafa ta faɗi wanda ya yi shi. Duk wanda ya zo gaishe ta daga makarantar takan tambaye shi ko an buɗe, har mutane suka riƙa jin nauyin zuwa.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya karɓi ranta da safiyar Laraba, 8 ga Maris, 2023, daidai da 16 ga Sha'aban, 1444, a gidanta da ke Yara, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da biyar. Ta rasu ɗakin yana kulle. Aka sa jana'iza bayan sallar La'asar.

A maƙabartar da za a kai ta, da manyan tukwanen ƙasa ake rufe kabari, a raba su biyu a kifa, sa'an nan a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Babban ɗanta ya tashi mutum biyu su je kasuwa su sayo. Sun kai ƙofar gida ke nan suka ci karo da Malam Idris, ya tambaye su ina za su, suka gaya masa. Sai ya ce, "Ku dawo. Malama ba ta karɓar na kasuwa."

Ya nufi makaranta, jama'a suka bi shi. An nemi mabuɗin an rasa, ya karɓi guduma ya fasa kwaɗon da hannunsa. Randunan suna nan jere jikin bango cikin yanar gizo, tun daga ta 1998 har ta 2014, babu wadda ta fashe. Tsofaffin ɗalibai da suka zo jana'iza suka shiga suna share wuyansu suna karanta shekara, kowa yana neman tasu, magidanta masu furfura a gemu suna nuna zagayen da suka ɗora. Kowane rukuni ya ɗauki tasa a ka, aka ratsa unguwar Yara da su a bayan makara. Mata suna leƙe ta ƙofofin gidaje, Malama Keziya kuwa, da aka gaya mata abin da ke wucewa, ta fito bakin zaure da sandarta ta tsaya har suka ƙule.

Mai haƙar kabarin ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin tukwane masu karkacewa irin waɗannan ba, bai kuma yi zaton za su zauna ba. Aka fara da mafi tsufa, aka raba, aka kifa, suka zauna. Ɗalibanta ne suka kwaɓa ƙasar da hannuwansu suka liƙe, ba su bar wa kowa ba. Randunan da suka rage aka mayar da su makaranta a ranar, kafin Magariba, kuma Malam Idris bai sayi sabon kwaɗo ba. Larabar da ta biyo baya aka ga 'yan aji shida sun nufi rafi da bokitai, shi yana bayansu, hannuwansa a goye a baya.

Allah ya yi mata rahama, ya haskaka makwancinta, ya sa abin da ta koyar ya zama mai gudana a gare ta. Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Isma'il, wanda ya gaji shagon mahaifinsa a kasuwar Keffi, Naja'atu, ma'aikaciyar jinya, Zaharadeen, injiniyan ruwa, da Akram, malamin sakandare. Ta bar jikoki goma sha ɗaya. A cikinsu akwai Raihana 'yar Isma'il, wadda ke aji shida a shekarar, kuma ita aka ba tsinke ta rubuta 2023 a wuyan sabuwar randa. Randar ta karkace ta gefe ɗaya, tana kuma ɗan yoyo. Malam Idris ya ba ta biyar cikin goma.